Garkuwar Mai Lambu

Ga ta nan, ga ta nanku, manya da yara.

Ta zo mu ji ta, ko da mai ɗaci ce.

To, ku gyara zama, gama mai ɗacin ce kuwa.

Akwai wani mutum mai lambu a bakin wani kogi. Albasa yake nomawa, da tattasai, da ɗan tumatir. Kogin nan irin na ƙasarmu ne: da damina ya cika ya batse har jaki ba ya ƙetarewa, da rani kuma ya koma yashi fari fat, yara na langa a cikinsa. Mutumin ya san halin kogin kamar yunwar cikinsa. In ruwa ya janye, sai ya tona rami a yashi ya bi shi. In ya ƙara nitsewa, ya ƙara tono.

Shi Bakano ne, matarsa Biriskila kuwa Bazazzagiya. Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa. Tun ranar da aka ɗaura musu aure a majami'a har furfura ta rufe su, ba wanda ya taɓa jin ya kira sunanta. Sai dai, "Ke Bazazzagiya, ku da kuka ari Hausa a wurinmu ba ku mayar ba." Ita kuma ta ce, "Ji Bakano! Rowa gadon gida. Kai ko atishawa ba ka bayarwa kyauta." Haka suke, dariyarsu har maƙwabta. Sana'arta daddawa ce, hayaƙin dafa kalwa na shekara da shekaru kuwa ya ci ƙirjinta. In ta hau gangaren kogi da tulu, sai ta tsaya ta huta kafin ta iya amsa gaisuwa.

A zauren gidansu akwai wata garkuwa rataye a bango, ta fatar ɓauna, wadda kakansa ya bari. Kakan yakan sauke ta kowace kaka ya shafa mata man shanu ciki da waje. Uban yakan shafa in ya tuna. Shi kuwa mai lambu bai taɓa sauke ta ba, sai dai ya nuna wa baƙi da sanda, ya ce, "Kun gan ta nan? Mashi bai huda ta ba, shekaru ba su huda ta ba."

Ana nan, wata shekara da ƙarshen damina, sai wata cuta ta shigo garin. Takan fara kamar mura, sa'an nan ta sauka ƙirji ta riƙe numfashi. Da yake ba wanda ya san daga inda ta fito, mutane suka sa mata suna Baƙuwa. A lokacin Biriskila ta tafi wani gari wankan jegon 'yarsu, aka aika mata kada ta dawo tukuna. Baƙuwa kuwa ta sauka a kan mai lambu, ta yi masa mugun kamu. A amalanke aka kai shi ƙaramin asibitin garin, har 'yan'uwa suka fara shawarar inda za a haƙa kabari. Amma Ubangiji ya ji tausayinsa, ya tashi.

Bayan 'yan makonni, ma'aikaciyar jinya ta asibitin, Malama Damaris, ta ɗebi jinin waɗanda suka warke, aka kai birni domin a ga abin da cutar ta bari a jikinsu. Da amsa ta dawo, ta sa aka kira shi.

Ta ce, "Baba, albishirinka."

Ya ce, "Goro, amma ɓari ɗaya."

Ta yi dariya ta ce, "Lallai Mama ba ta yi maka ƙarya ba. Ka ga, sa'ad da cuta ta shiga jiki, jiki yakan ƙera wa kansa waɗansu ƙananan makamai a cikin jini, waɗanda suka san fuskar wannan cutar. In ta sake leƙowa, su tare ta tun daga ƙofa. Wanda ya fi shan wuya, sau da yawa shi ya fi tara su. Kai kam jininka cike yake da garkuwa."

Mutumin ya miƙe zaune. "Garkuwa kika ce?"

"Garkuwar jiki, haka muke kiranta. Amma, Baba, tsaya ka ji sauran..."

"Ya isa, 'yata. A gidanmu ba a koya mana garkuwa."

Kafin ta sake buɗe baki, aka kira ta wurin wani mai tari, shi kuma ya saɓa sandarsa ya fita. Duk hanya ba abin da yake gani sai bangon zaurensu. Ya ce a ransa, kakana ya sami tasa a bakin daga, ni na sami tawa a bakin kabari. Abin da aka sha wuya aka samu, ai ya samu ke nan.

Kada in rage masa ladansa. A kwanakin nan mutumin ya yi aikin kirki. Ɗakin da kowa ke tsoron shiga, shi ke shiga. Ya ɗaga tsoho ya ba shi kunu, ya juya mai ciwo, ya share amai, wanda ya rasu kuma ya taya a ɗauka. Suna tari a fuskarsa, ko ciwon kai bai yi ba, gama a lokacin garkuwar nan ta jini tana kan ganiyarta. Gari ya ɗauka, aka sa masa suna Mai-Garkuwa. Ran Lahadi ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida, mata suka yi guɗa. Lahadi ta gaba aka ce ya sake, ya sake. A shaidar farko sunan Ubangiji ya fi yawa. Sannu a hankali sai garkuwa ta fi yawa.

Da cutar ta lafa, Biriskila ta dawo. Ta ajiye ƙunshinta, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Na tafi na bar Bakano mai albasa, na dawo na tarar da sarkin yaƙi. To, ranka ya daɗe, a ina zan ajiye daddawar?" Ta faɗi haka tana dariya, amma idonta ya cika da hawaye, don an gaya mata saura ƙiris da ba ta same shi ba.

Kaka ta wuce, rani ya shigo. Malama Damaris ta aika a kira waɗanda suka warke domin a sake awon jininsu. Kowa ya je, ban da shi. Ya ce wa ɗan aiken, "Jinin da na tara da tuwo, shi zan riƙa rabawa kwalba-kwalba?" Da ta ga ba shi da niyyar zuwa, sai ta tafi lambun da kanta da sunan sayen albasa. Ta same shi a tsakiyar kogi, cikin rami har ƙugu, yana fid da jiƙaƙƙen yashi da ƙwarya.

Ta gaishe shi da aiki, ta tsuguna a bakin ramin, ta ce, "Baba, ina ruwan nan da ya hana ni ƙetarewa watan da ka kwanta?"

Ya ce, "Yana ƙasa."

"Ya ƙare ne?"

"Ina! Ruwa ba ya ƙarewa a kogin nan. Da fari yakan janye da sauri, sa'an nan ya riƙa nitsewa kaɗan-kaɗan. Sai dai a bi shi da tono."

Ta ce, "To, abin da ka hana ni faɗa ran nan ke nan. Duk waɗanda kuka kwanta tare, mun sake duba jininsu. Makonnin farko abin nan ya hau kamar ambaliya. Daga nan ya sauka da sauri, yanzu kuma yana ta nitsewa a hankali. Na tsofaffi ya fi saurin sauka. Bai ƙare ba, jiki bai manta da cutar ba. In ta dawo zai tona ya samo ruwa. Amma tono yana ɗaukar kwanaki, kuma a kwanakin nan tana iya zama a hancinka da maƙogwaronka, ta bi numfashinka ta kama na kusa da kai."

Mutumin ya dafa bakin ramin ya kalle ta. "Ke da bakinki kika ce garkuwa. Yau kuma ta zama kogi? Gobe me za ta zama, kududdufi?"

"Sunan aro ne, Baba. Ba fatar ɓauna ce a jikinka ba. An kawo allurar rigakafi, ana yi ranar kasuwa. Ka zo, ka kawo Mama. Ita ba ta taɓa haɗuwa da Baƙuwa ba, ƙirjinta kuwa ka san shi. In kuma cutar ta dawo, ka ji ko da ƙaiƙayi a maƙogwaro, ka ɗauki tabarmarka ka koma zaure, kada ku sha da moɗa ɗaya da Mama har ka warke."

Ya ce, "Wanda ke bayan garkuwa me zai yi da allura? Bazazzagiya ma ai tana bayana." Ya fito ya cika mata kwando da albasa, har da gyara, ya sallame ta. Da ya koma gida, Biriskila ta tambaye shi me ya kawo Malama har kogi. Ya ce, "Albasa." Bai ƙara ko kalma ba.

Da bazara ta yi tsanani, ana ta duban gabas ana jiran hadari, sai Baƙuwa ta dawo. Ta ɗan sake zane, amma ita ce. Wanda ta fara kayarwa a unguwarsu maƙwabcinsu ne, Habila maƙeri. Nan da nan aka ce, "A kira Mai-Garkuwa!" Ya zo yana taku ɗai-ɗai. A ƙofar ɗakin ya tarar da Malama Damaris, ta miƙa masa ƙyallen rufe hanci da baki.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

"Takunkumi, Baba."

"Takunkumi na jaki ne mai cin dawar mutane." Mutanen da ke tsaye suka yi dariya, shi kuma ya sa kai ɗakin da fuskarsa a buɗe. Ya yi wa Habila duk abin da ya saba yi wa marasa lafiya, ya wuni a can, ya sake komawa kashegari.

Bayan 'yan kwanaki, da tsakar rana, yana zaune a rumfar tsakar gida, sai ya ji wani ƙaiƙayi can cikin maƙogwaro. Ya yi gyaran murya, bai tafi ba. Ya yi atishawa, ya sake yi. Biriskila ta fito da ƙwaryar kunun tsamiya da ludayi ɗaya, yadda suka saba sha tun suna ango da amarya. Ta zauna kusa da shi, ta ce, "Bakano, wannan atishawar fa? Ko kasuwa ta faɗi ne ka fara rabawa?"

A nan maganar Malama ta faɗo masa a rai, kalma-kalma, kamar tana tsaye a wurin. Ya ɗaga ido ya hango ƙofar zaure. Ba nisa, tabarma kawai zai naɗe. Amma zaure a bakin hanya yake. In ya shimfiɗa tabarma a can, kafin la'asar duk gari ya ji Mai-Garkuwa ya kwanta. Masu dariyar takunkumi za su sami sabon abin dariya. Ran Lahadi kuma da wane baki zai tsaya gaban jama'a?

Ya ce, "Tattasai ne. Na juya shanya da safe."

Ta ce, "To, sha ka ba ni, kada ka shanye irin naku."

Ya sha. Ya miƙa mata ludayin. Ta sha.

Shi dai abin bai kai ya kawo ba: ɗan zazzaɓi, ɗan tari, sai ga shi ya ware, ko lambu bai fasa zuwa ba. A ranar da ya ji ƙarfinsa ya dawo, a ranar Biriskila ta kasa ɗaga tukunyar kalwa. Kashegari numfashinta ya koma sama-sama. Amalanken da ya kai shi asibiti bara, shi ya kai ta, shi da kansa ke turawa, yana ce mata, "Bazazzagiya, kin yi nauyi, tuwon Kanawa ya karɓe ki." Ba ta amsa ba. Wannan ne karo na farko da ya jefa mata magana ta faɗi ƙasa.

Malama Damaris ta karɓe ta, ta yi duk abin da hannu ke iya yi. Tana cikin aiki ta ji ragowar tarinsa, ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Wata safiya Biriskila ta ɗan farfaɗo, ta yafito shi da hannu. Ya durƙusa ya kai kunnensa bakinta. Ta ce, tana tsayawa tana jan iska, "Bakano... ba tattasai ba ne, ko?"

Ya girgiza kai.

Ta yi ɗan murmushi. "Shekara da shekaru... ina cewa ko atishawa ba ka bayarwa kyauta. Ga shi ka ƙaryata ni." Ta riƙe yatsunsa, don ya san wasa take yi, irin nasu. Kafin rana ta take, ta cika.

A bakin asibitin ya tare Malama Damaris ya ce, "Don me ni ban mutu ba?"

Ta ce, "Jikinka ya tuna da ita, Baba. Ya tona ya sami ruwa."

"Ita fa?"

"Ita ba ta da ramin da za ta tona."

Aka binne Biriskila, masu gaisuwa suka cika zaure. Wani dattijo, da nufin ya sanyaya masa zuciya, ya ce, "Haƙuri za ka yi. Mun gode wa Allah da ya bar mana kai, Mai-Garkuwa. Kai kam Baƙuwa ko gezau." Mai lambu ya dubi bango. Ya tashi a gaban kowa, ya miƙa hannu ya kama garkuwar kakansa zai sauke ta. Sai hannunsa ya burma ciki. Ashe gara ta bi bango ta cinye bayanta tun tuni, fuskar kaɗai ta rage tana ƙyalli. Ta zubo masa a jiki, gari-gari. Ya koma ya zauna da igiyar ratayar a hannunsa. Aka yi ta ce masa sannu, bai ji ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: ciwon nan na fari shi ne wahalar da Ubangiji ya fisshe ka daga cikinta. Garkuwar jini kuwa ita ce zafin bangaskiyar da ka fito da shi. Gaskiya ce, ba ƙarya ba. Dukanmu mun san yadda take. Wanda ya tashi daga gadon mutuwa, ko ya rabu da kwalba, ko aka shirya shi da ɗan'uwansa bayan gaba mai tsawo, a makonnin farko addu'arsa kamar ambaliya take. Jaraba ta yi tari a fuskarsa, ko a jikinsa. Amma ruwan yana janyewa, 'yan'uwana. Ba ya sallama in zai tafi. Da fari da sauri, daga baya a hankali, har mutum ya wayi gari yana tafiya a kan yashi yana ba da labarin kogi.

Laifin mai lambu ba cewa ruwansa ya sauka ba ne. Na kowa yana sauka, haka aka yi mu. Laifinsa shi ne ya ji rabin magana ya tashi, da aka biyo shi da sauran rabin har cikin rami kuma ya ƙi karɓa, don rabin farko ya fi daɗi, ya kuma riga ya zama sunansa. Akwai waɗansunmu a nan da har yau shaidar bara suke ci. Ba su ƙara tono ba, ba su sauke abin daga bango sun duba bayansa ba. Zaure yana nan kusa, wato ka ce, "Na raunana, ku yi mini addu'a, ku ɗan yi nesa da ni yau." Amma zaure a bakin hanya yake, mu kuwa mun fi tsoron idon mutane da hasarar na cikin ɗaki.

Ku lura da wanda ya biya. Mai jinƙai ne Allah, ruwan yana nan ƙarƙashin yashi, mai yiwuwa kai ka tona ka samu, ka tashi. Amma kafin ka samu, fushinka da ya dawo, ko shanka, ko ƙaryarka, a kan wa za su sauka? A kan wadda kuke sha da ludayi ɗaya. A kan yaron da ke kwaikwayon takunka. Garkuwa mutum ɗaya take rufewa, shi ma sai yana shafa mata mai.

Kada kuma wani ya fita ya ce maganar ruhu kaɗai aka yi yau. Jikin ma amana ne. In ka taɓa yin irin wannan ciwo ka warke, kada ka ce ka gama da shi har abada. In masu jinya sun kira ka, ka je, ka kuma zauna har su kai ƙarshen maganarsu. In ka ji ƙaiƙayi a maƙogwaro, akwai tsoho ko mai raunin ƙirji a gidanka, ka naɗe tabarmarka.

Mai lambun nan ya rayu, ya daɗe. Ruwan sama ya sauka a makon da aka binne ta, kogi ya cika har ya batse. Yakan zauna a rumfa da rana, ƙwaryar kunu a gabansa, ya sha, ya miƙa ludayin gefe, sa'an nan ya tuna.

Ƙurunƙus kan kusu. An saba cewa ba don gizo ba da an yi ƙarya, amma wannan kam gizo bai sa mata baki ba.